Takardun da ke cikin adakar Gwaggo

Shekara uku ina bin Gwaggo a kan takardun nan, wasiƙun da mahaifinta, wato kakana, ya aiko gida daga yaƙi, kafin ta yarda. Duk sallar da na je gida sai na tayar da maganar, ita kuwa sai ta ce, "Babana, bari dai tukuna." Sunan mahaifinta aka sa mini, shi ya sa bakinta ba ya iya kiran sunana. Ranar babbar sallar bara waccan, bayan an gama rabon nama gida ya yi shiru, ta aiko jikarta ta kira ni. Na tarar ta jawo adakar ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta fito da wani ƙunshi a cikin tsohon kallabi, a cikin kallabin kuma gafaka ce da fatarta ta yi baƙi don tsufa.

Ta ce, "Idona ya tafi. Wanda yake karanta mana su ya rasu tun ina amarya. Ka je ka ji abin da ke ciki ka zo ka faɗa mini. Amma abina ka dawo mini da shi."

Abin da na sani game da kakana a lokacin bai cika cikin cokali ba. Ya shiga soja a 1943, ya dawo a 1946. Ya yi yaƙin Bama, ba Bama ta Borno ba, ƙasar nan da ke gabas da Indiya da yanzu ake kira Miyanma. Yana da lambar girma mai siffar tauraro da yake maƙalawa a riga ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Ya rasu ina firamare. Mu yaran gidan mun ƙera masa labari da kanmu: ga shi da bindiga a cikin daji yana kakkaɓe Japanawa. Da wannan hoton a kaina na ɗauko gafakar zuwa Kaduna, kuma yaƙi na zo nema a cikinta.

Ranar farko na yi ɓarnar da har yau take ci mini rai. Na zaro takarda ɗaya na buɗe ta da sauri, ta tsage a kan ninkin, ni kuma na ɗauko salatef na manna. Washegari na yi niyyar kai su duka shagon da ake liƙe takardu da leda, don a tunanina hakan shi ne adana su. Allah ya taimake ni na fara biyawa wurin wani abokina da ke aiki da tsofaffin rubuce-rubucen hannu a Gidan Arewa. Da ya ga salatef ɗin sai ya riƙe baki. Ya ce zafin injin ledar yana dafa takarda, kuma abin da aka liƙe ba ya ɓaruwa har abada. Gam ɗin salatef kuwa nan da 'yan shekaru zai zama ruwan ƙasa ya cinye rubutun da ke ƙarƙashinsa. Ya ce in gode wa Allah da ba a cikin hunturu na buɗe su ba, lokacin da tsohuwar takarda take karyewa kamar busasshen ganye.

Shi ya koya mini yadda zan yi. In wanke hannu in shanya shi sosai. In buɗe ninki ɗaya, in bar takardar ta huta, sannan in buɗe na gaba. In sa kowace a tsakanin fararen takardu biyu, in ɗora littafi mai ɗan nauyi na kwana biyu. Kada in rubuta komai a jikinta, lamba a jikin fayil ake sa wa, da fensir. Hoto kuma da hasken safiya kusa da taga, ba da fitilar waya ba, gaba da baya, har da ambulan, domin ambulan ma magana take yi. Sati biyu na yi ina wannan aikin kafin in karanta ko kalma ɗaya. Wasiƙu ashirin da uku ne. Gara ta ci gefen huɗu, ɗaya kuma ruwa ya taɓa ta, fensirin da aka rubuta ta da shi ya narke ya koma shunayya.

Da na jera su a kan tabarma sai na ga abin da ban yi tsammani ba. Goma sha shida da ajami suke, hannu ɗaya, kyakkyawan hannu irin na wanda ya rubuta allo shekara da shekaru. Bakwai kuma da boko, hannu biyu dabam-dabam. Kakana bai iya rubutu ba, ko ɗaya. Wato duk abin da ke gabana faɗa ya yi wani ya rubuta, a can kuma wani ya karanta wa gida a bainar jama'a a zaure. Bayan haka ga hatimin mai duba wasiƙun soja a kan kowace ambulan, biyu daga cikin na bokon ma an yanke musu layi da reza. Soja a fagen fama ba shi da izinin faɗin inda yake, ko inda za su, ko wanda aka kashe kafin hukuma ta sanar.

Na yi makarantar allo, na ɗauka ajami ba zai gagare ni ba. Ya gagare ni. Babu tsayayyar ƙa'ida a rubutunsa, kowane malami da yadda ya gada. Wasali wani wuri an sa, wani wuri an bar mai karatu ya cika da kansa, kalmomi kuma a manne da juna. Na kai hotunan wurin wani dattijo a unguwarmu, limamin masallacin da nake salla, mutum ne da ya haura saba'in. Muka yi yarjejeniya: kullum bayan la'asar, wasiƙa ɗaya. Shi yana karantawa da ƙarfi, ni ina ɗauka a waya, da dare in mayar da shi boko, washegari in karanta masa ya gyara.

Malam bai taɓa tuntuɓe a kan Hausa ko Larabcin ciki ba. Inda yake tsayawa shi ne kalmomin bariki da aka rubuta da baƙaƙen Larabci. Mun yi kusan rabin sa'a a kan wata kalma yana juya ta, sai da ya faɗe ta da sauri sannan muka ji "samanja" ce. Haka muka yi da kofur, da fareti, da rashan, da bataliya. Wannan bai zama abin mamaki ba daga baya, don Hausa ce harshen bariki a rundunar Nijeriya ta wancan zamani, har hafsoshin Turawa sai da suka koye ta.

Kowace wasiƙa da bisimilla take farawa, sannan gaisuwa da so da yarda da aminci zuwa ga wansa, domin wansa yake rubuta wa, ba matarsa ba. Sai jerin gaisuwa da kan cinye rabin takardar: liman, dagaci, baffanni, maƙwabta, har da mai kiwon shanun gari. Kakata ba ta da suna a ciki, "mutanen ɗaki" ce. Da farko ina ƙosawa da wannan jerin, ina so Malam ya tsallake ya kai ni wurin harbe-harbe. Ya ƙi. Ya ce, "Alhaji, mutum yana bayan duniya ya zauna ya lissafo mutanen garinsu ɗaya bayan ɗaya, kai ka ce a tsallake?" Ban sake cewa a tsallake ba.

Harbe-harben kuwa ba su zo ba. Abin da ya zo shi ne gona. Kada a sayar da jakin ko da an matsu. A ba wane gonar fadama aro, amma aro, a gaban shaidu. Kuɗin da ake yanka daga albashinsa ana biya a gida, a fara fitar da haraji, a biya bashin goron da ya ci kafin ya tafi, saura a sayi dawa tun tana araha a kaka. Ya tambayi damina a kusan kowace takarda. Ya yi kukan rashin tuwo da daddawa, ya ce shinkafa ta ishe shi. Ya ba da labarin shanu suna yawo a kasuwa ba mai yanka su, da ɓauna da aka sa wa garma tana noma kamar sa, ya ce in bai rantse ba ba za su yarda ba.

Wahalar da ta fi kowace ita ce jera su bi da bi, don mafi yawansu babu kwanan wata, hatimin gidan waya kuma ya dushe. A nan ne na fara gane yadda mutumin nan yake magana. A wata takarda ya ce, "Ku sani inda muke yanzu, in za mu yi salla yamma muke duba." Malam ya ajiye wayar ya yi shiru. A wurinmu gabas da alƙibla abu ɗaya ne, har mukan ce mutum ya fuskanci gabas. Wanda ya ce yamma yake duba ya gaya wa duk mai hankali a zauren nan cewa ya wuce Makka, ya bar ta a bayansa. Bai ambaci sunan ƙasa ba, mai reza bai sami abin yanka ba, gida kuma sun ji nisan da ɗansu ya yi. Na sa wannan a farkon waɗanda aka rubuto daga Indiya.

Daga nan watannin Musulunci suka zame mini tsani. Inda ya ce azumi ya same su ana ruwa dare da rana, na duba na ga azumin 1363 ya kama daga wajen 20 ga Agusta 1944, tsakiyar daminar can. Inda ya yi barka da "abin da aka samu" ya haɗa da barka da layya, babbar sallar shekarar ta faɗo a ƙarshen Nuwamba 1944, daidai da abin da aka sha gaya wa Gwaggo cewa da layya aka haife ta. Inda ya ce an ce yaƙi ya ƙare suna cikin azumi, Japan ta sallama a 15 ga Agusta 1945, azumin 1364 bai cika sati ba. Wasiƙu uku suka zama turaku, sauran na ɗaure su a jikinsu.

Saura ambulan. A bayan kowace akwai lambarsa ta soja da wasu gajerun haruffan Turanci, a cikinsu "Aux Gp" da lamba 82. Na kai wa wani tsohon soja da ke zama a ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji. Ya ce 82 runduna ce, ɗaya daga cikin biyu da Ingila ta kwasa daga Afirka ta Yamma zuwa Bama. Ta 81 ta riga tafiya a 1943, tambarinta gizo-gizo ne baƙi. Ta 82 ta bi baya a 1944, tambarinta māsu biyu a gicciye a kan gammo. Ya dube ni ya ce, "Gammon nan na su kakanka ne." Haruffan da na nuna masa na rukunin masu ɗaukar kaya ne. A tsaunukan Arakan na yammacin Bama babu hanyar mota, daji ne na gora da rafuka, jirgin sama ke jefo abinci da harsashi da laima, daga nan kuma sai kan mutum. Su ne suke ɗaukar harsashi, da sassan igwa, da abinci, da wanda aka harba, su hau dutse su sauka, da adda a hannu suna sara hanya.

Ba zan ɓoye ba, na fito daga ofishin nan jikina a sanyaye. Jarumin da na gina tun ina yaro ya zama ɗan dako. Na kira Gwaggo a waya ina ta kewaye-kewaye, ta katse ni. "Kai ne ba ka sani ba, Babana. Ba ka ga tsakar kansa ba gashi ba? Gammo ne ya cinye." Ta ce lokacin hakimi aka ce ya kawo mutane, dagaci ya zo gidansu, ya zama ko aikin kuza na tilas a Jos ko soja, a cikin 'yan'uwa biyu dole ɗaya ya fita. Wansa yana da 'ya'ya huɗu, shi ko ɗaya. Ya miƙe.

Da na koma kan takardun da wannan sanin sai wasu layuka suka buɗe. "Wuyana yana ciwo amma da sauƙi." "Matsattsaku sun fi sauro yawa." "Ana ba mu ƙwaya kullum don zazzaɓi, ta mai da idon kowa rawaya." Na ɗauko taswira na bi hanyar rundunar: Buthidaung a Disambar 1944, ƙetare kogin Kalapanzin, Myohaung a Janairun 1945, sannan kudu ta Dalet da Tamandu da Letmauk har Taungup. Ina zaune a Kaduna shekara goma sha biyar, ina wuce barikin Dalet a Kawo, ina jin sunan barikin Kalapanzin, ban taɓa tambayar daga ina sunayen suka zo ba. Rafuka ne da garuruwa da kakana ya ratsa da kaya a ka. A ganina duk yaron da ke wuce ƙofar barikin nan ya cancanci a gaya masa haka a makaranta.

Malam ne ya lura da abu na ƙarshe, ni da na bar shi ya wuce. A gindin kowace wasiƙar ajami, bayan "haza wassalam", akwai ɗan ƙaramin layi a karkace: mai rubutu yana gaida mahaifiyarsa a wani ƙauye da ke nesa da namu da tafiyar sa'a guda a ƙasa, in an sami mai zuwa kasuwa a faɗa mata yana lafiya. Sau goma sha shida, bai taɓa fashi ba. A biyu daga ciki ya sa sunansa. Sai wasiƙa ta goma sha bakwai ta zo da boko, da hannun wani. Babu ɗan layin. A tsakiyarta kuma, tsakanin maganar jaki da maganar dawa, kakana ya ce, "Ku tashi mutum uku ku je ku yi wa gyatumar malam gaisuwa. Kada ku aika yaro."

Na karanta wannan layin sau da yawa a baya ban ji komai ba. Malam ya ce in sake karantawa a hankali. Gaisuwar da ake tashin manya uku a je a yi, wadda ba a aika yaro, gaisuwar mutuwa ce. Doka ta hana shi faɗa, sai ya faɗa da Hausar da Baturen da ke duba takarda zai gani ya ɗauka sannu da aiki ce.

Hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashe renon Ingila tana da rumbun sunaye a intanet, kowa yana iya bincikawa kyauta. Sojojinmu na lokacin da sunan garinsu ake rubuta su a matsayin suna na biyu, rubutun kuma yadda kunnen Bature ya ji ne, don haka sai da na gwada sunan ta fuska huɗu. A na huɗun ya fito: sunansa, sunan gundumarmu, rukuni ɗaya da na kakana, Maris 1945. Ba shi da kabari. Sunansa yana jikin bangon tunawa na Rangun, a maƙabartar Taukkyan ta can Bama, tare da kusan mutum 27,000 da ba a san inda suke kwance ba.

Na je ƙauyen bayan sallar azumi. Ban sha wuya ba, gidan malamai ne, har yanzu da makarantar allo a ƙofarsa. Na sami ɗan ƙaninsa, dattijo mai farin gemu. Ya ce sun san an yi wani baffansu da ya tafi Bama bai dawo ba, takardunsa kuwa gara ta cinye tun da daɗewa, ko ɗaya ba ta rage ba. Na miƙa masa hotunan goma sha shidan da na wanke a manyan takardu. Bai fara da karantawa ba. Ya bi layukan da yatsa, ya kira wani almajiri ya kawo allonsa, ya ajiye su gefe da gefe. Ya ce, "Dubi yadda ya ja wutsiyar nan. Hannun gidan nan ne." Ya tara yaran aka yi masa fatiha, shekara kusan tamanin bayan rasuwarsa.

Sannan na koma wa Gwaggo da gafakarta, kowace takarda a cikin farar rigarta, na gaya mata kada a sake ninke su, kada kuma adakar ta taɓa ƙasa saboda gara. Kwana uku muka yi ina kunna mata muryar Malam. Ba ta yi kuka a maganar ciwon wuya ba, ba ta yi a maganar gyatumar malam ba, sai dai ta ce Allah ya jiƙansa, ta tuna ana kai wa wata tsohuwa dawa duk kaka ba ta san dalili ba.

Ita 'yar fari ce. Har ya koma ga Allah mahaifinta bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa zama ya yi hira da ita ba, kunya ta hana. A cikin takardun ma haka: "abin da aka samu", daga baya "yarinyar nan". Amma tun daga layyar 1944 babu wasiƙar da ba ta ciki. A yi mata laya. A saya mata munduwa daga kuɗina. Ta fara zama? Ta yi haƙori? In ana sanyi kada a fito da ita da asuba. Wasiƙa ta ƙarshe daga Indiya take, a 1946, suna jiran jirgin ruwan da zai dawo da su, yaƙi ya ƙare da watanni suna ta jira. Ya ce ya sa hoto a ciki. Hoton ya ɓace, amma layin yana nan, na karanta mata shi da bakina: "A riƙa nuna wa yarinyar nan, don kada ta gudu in ta gan ni."

Gwaggo ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta jima tana murza bakin kallabin da aka ƙunshe gafakar da shi.

Ta ce, "Ai kuwa na gudu. Inna ta ce bayan rumbu na shige, sai da aka yi magariba aka ciro ni."